Ganyen Injiniya Eka

Akwai ranar da har yau ba na mantawa da ita: ranar da na shiga ofis da safe na ji warin ruɓaɓɓiyar saiwa. A lokacin saura shekara biyu in yi ritaya, ina matsayin babban mai duba rabon ruwa a ofishinmu na yankin Kura. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ne muke buɗe ƙofofin kanal mu rufe, mu tabbatar kowane rukunin manoma ya sha ruwa a ranarsa, na farkon kanal bai cinye rabon na ƙarshe ba.

Shugabarmu a lokacin Injiniya Eka ce, mutuniyar Kalaba, mace mai kirki da Hausarta mai ban dariya. A kan tagar da rana ba ta bugawa ta ajiye wani tsiro a tukunya. Ganyensa faffaɗa ne, kore mai zane-zane kamar da hannu aka yi, bayansa kuma ja kamar zoɓo. Ba ya 'ya'ya, ba ya fure. Ranar farko Ɗanlami direba ya tambaye ta ko ana miya da shi, da ta ce a'a, ya ce to me yake yi mana a nan. Daga baya muka ji cewa na mahaifiyarta ne da ta rasu, shi kaɗai ta ɗauko daga gida. Daga nan kowa ya shiga girmama shi.

Da rani aka tura ta kwas na mako shida a Kaduna. Ta kira ni ta damƙa mini amanarsa. Ta ce kada rana ta taɓa shi, in riƙa yayyafa wa ganyen ruwa saboda bushewar iskarmu, amma ƙasar kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ta bushe har gaɓar farko. Na yi dariya a raina. Ni da na yi shekara talatin ina shayar da gonakin shinkafa, tukunya ɗaya za a koya mini?

Abin da ta manta ba ta gaya mana ba shi ne, wannan tsiro da yamma yakan tattara ganyensa ya miƙe su sama, da safe ya sake buɗewa. Halinsa ke nan. Mu kuwa 'ya'yan manoma ne, ganye ya naɗe a wurinmu ƙishirwa ce. Na gan shi haka bayan La'asar, na manta da yatsa, na juye masa moɗa guda. Washegari ya buɗe, na ce ka ga aikin gwani.

A mako na uku ganyen suka soma rawaya. Ranar da na ji warin nan gabana ya faɗi, don na san shi sarai: warin gonar tumatir ce da ruwa ya kwanta mata. Na tara mutanen ofis na tambaya ko akwai wanda ya taɓa tukunyar. Sai Malam Haruna maigadi ya ce shi dai in an tashi yakan ɗan zuba masa sauran ruwan butarsa. Talatu mai shara ta ce ita ma ba ta iya wucewa ta bar shi haka. Ɗanlami, wanda ya raina shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi tausayi yake ba ni, maraya ne."

Mu huɗu ke nan muna ba shi ruwa, kullum, a ofishin da aikinsa tsara wa mutane ranar ruwa.

Muka juye tukunyar a bayan ofis. Na yanke saiwoyin da suka yi baƙi, Talatu ta wanke sauran. Malam Haruna ya daka gawayi, Ɗanlami ya je Bunkure ya kawo buntun shinkafa, muka haɗa da yashi da sabuwar ƙasa. Cikin ganye goma sha ɗaya, biyu suka tsira. Na rubuta jadawali irin na manoma na liƙa a bango, na ɓoye moɗar a durowata. Duk kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba.

Da ta dawo na tare ta a ƙofa na gaya mata komai, na fara da laifina. Ta je ta tsaya gaban tukunyar. Ganye biyu ne, da wani sabo a tsakiya, a nannaɗe kamar ƙaramar tabarma. Ta karanta jadawalin, ta yi dariya, sai kuma hawaye.

"Baba Sule," in ji ta, "lokacin da mama ta rasu, a bushe na same shi. Mu bakwai ne a gidan, kowa yana jiran wani ya ba shi ruwa."

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in kun kama manomi ya buɗe ƙofar ruwa ba ranarsa ba, ku rufe, doka ce. Amma kada ku zage shi. Ganye ya gani ya naɗe, zuciyarsa ta kasa daurewa. Ni ma da shekara talatin ɗina ta kasa.