Kawu Tawada da Teburin Bakin Ƙofa

Kai da ka tsaya layi bara, takunkumin roba a fuska, takobin kwali a hannu, kana tsaki don wani dattijo ya tare ka a bakin ƙofa ya ce sai ka karanta shafi ɗaya kafin ka shiga, ka san ko wane ne shi? Ka ma tambaya? To, ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Tawada, mai shagon fotokofi, mutumin da ya fara wannan taro na masoya littattafan zane da kake ɗaukar hoto a cikinsa kowace shekara. Ciwon ƙirji ne, bai jima a kwance ba.

Kawu, mun sa maka Tawada ne don ba mu taɓa ganin babban yatsanka fari ba. Shagonka na tsakanin mai aski da mai gyaran waya, injinka kuwa ba ya tashi sai ka mare shi a gefe. A ɗakin baya akwai kwalaye cike da tsofaffin littattafan zane, yawancinsu ba bango, wasu ba ƙarshe. Duk Asabar kakan buɗe mana ɗakin, mu zauna a kan ɗaurin takardu, ba ka taɓa cewa mu sayi komai ba.

Ni makaranta ba ta riƙe ni ba, ni ma ban riƙe ta ba. Hotunan nake kallo, in ƙirƙira wa mutanen ciki magana, ina ba yara labari da ƙarfin hali. Ran nan ka tsaya a kaina ka ce, "Kai, ɗan nan, ƙarya kake yi wa jarumin nan. Ba haka ya ce ba." Ka ɗora yatsan nan a ƙarƙashin ɗan zagayen da ake rubuta magana a ciki, wanda kake kira balan-balan, ka karanta mini shi sau ɗaya, ka koma wurin injinka. Haushi ya hana ni sakat. Daga balan-balan zuwa balan-balan na koyi karatu, har yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarka.

Da yara suka fara zana nasu labaran, kai kake buga musu, ka naɗe, ka ɗinke. A nan ka kafa dokarka. Ka ajiye ƙaramin tebur a bakin ƙofar ɗakin, duk wanda ya gama littafinsa na farko shi zai zauna a wurin, kuma ba mai wucewa ciki sai ya karanta shafi ɗaya ya faɗa wa mai zanen wani abu ido da ido. "Ya yi kyau" ba magana ba ce a wurinka, "bai yi ba" ma haka. Sai mutum ya faɗi abin da ya gani.

Ina tuna ranar da mai aski ya leƙo.

"Kawu, tsintsiya fa na zo ara!"

"Karanta tukuna."

"Na bar mutum da rabin kai a kan kujera!"

"Ai gashin ba gudu zai yi ba. Karanta."

Mai aski ya duba, ya sake dubawa, ya ce wa yarinyar da ke zaune, "'Yata, wannan damisar taki ƙafarta biyar ce, ko idona ne?" Ta fashe da kuka, ta ƙirga, ta koma dariya. Ita ce yau layin masu neman sa hannunta ya fi na kowa tsawo a taron.

Shekarar da ɗakin ya kasa ɗaukar mu, ka ce a yi taro guda a shekara, kowa ya gayyato abokinsa. Muka ɗaure igiya daga shagonka zuwa na mai gyaran waya, muka shanya zane-zane da maƙalin shanya kamar wanki. Baɗinta aka ara mana aji a wata makaranta. Daga nan sai wani tsohon sito mai yoyo, inda ruwa ya kece muka riƙe wa littattafai lema mu muka jiƙe. A siton nan ne aka fara shigar jarumai. Matarka ta ɗinka maka fukafukai, ka kasa shiga ƙofa da su, ka shiga a karkace, mutane na tafi. Sai zauren otal, sai wannan katafaren gini mai hawa uku da ake yi a ciki yanzu, da 'yan fim, da gasar wasannin bidiyo, da motocin da suke kwaso mutane daga garuruwa masu nisa.

Kada wani ya ce girman taron ya ɓata maka rai. Na gan ka kana zagaya rumfuna kamar yaro, kana taɓa komai, kana tambayar samari yadda suka haɗa sulke da katifa. Da aka kafa kwamiti, masu kati a wuya da wayar oba-oba a hannu, sun ba ka shugabanci ka ce su riƙe abinsu. Abu ɗaya ka ƙi saki, teburin bakin ƙofa. Da aka yi ƙorafin layi ya yi tsawo, ba ka yi musu ba, sai ka ƙara tebura, ka ƙara bugu, ka tsaya da kanka kana miƙa wa mutane shafi. Wani baƙo da aka ɗauko da jirgi ya ce shi ba ya tsayawa layi. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ai ba layi ba ne, karatu ne." Ya karanta. Ya daɗe a tsaye yana magana da yaron da ya zana shafin fiye da kowa.

Kai mai karatu, ka fahimci abin da teburin nan yake yi? Wanda ya yi suna ba ya bukatar a tare masa mutane, su suke neman sa. Sabon mai zane kuwa, in ka ajiye shi a lungu, ko uwarsa sai ta yi cigiya kafin ta same shi. Duk manyan da ake liƙa hotunansu a bango yau, ta wannan kujera suka bi. Har da shugaban kwamitin, wanda muke kira Dogo. Ina nan ranar da ya zauna a tsorace, Kawu ya dafa kafaɗarsa har baƙin yatsa ya fito a farar rigarsa.

Bana kujerar ta Baba Direba ce. Direban bas ne, ya doshi sittin. Jikokinsa ya kawo taron wata shekara, aka tare shi a ƙofa kamar kowa, ya karanta yana gunaguni. Bayan wata guda sai ga shi a shago da takardu cikin leda, ashe shekara da shekaru yana zane a kan sitiyari in yana jiran fasinja, bai taɓa nuna wa kowa ba. Labarin wata bas ce da take tashi sama in cunkoso ya ishe ta. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya sa shi ya sake zana ƙarshen sau da yawa, sannan ya ce masa bana shi ne a ƙofa. Littafinsa ne aikin ƙarshe da injin nan ya buga. An ɗinke rabin kwafin, rabi na nan a kan kantar shago, babbar 'yar Kawu ta ce ita za ta ƙarasa.

A wurin gaisuwa, muna zaune a ƙofar gida, na ji Dogo da kunnena yana gaya wa 'yan kwamiti cewa za a sa wa babban zaure sunan Kawu, a kafa hotonsa mai tsayin gini. Teburin kuwa, wai wani kamfanin waya ya karɓi bakin ƙofa don tallarsa, don haka za a hau da shi hawa na uku, wanda ya ga dama ya je. Hawa na uku, inda ake ajiye kujerun da suka karye! Jim kaɗan Baba Direba ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Ɗana, maganar kujerar nan tana nan kuwa? Na riga na gaya wa jikokina."

Kawu, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk harafin da wani ya koya a ɗakin bayan nan ya zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna, wadda ta haƙura da mu muna cika mata gida, da 'ya'yanka, da 'yan uwa, da maƙwabtan shago. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Amin.

Saura kai, Dogo. Kada ka kira ni gefe, kada ka aiko mini da wani ya ba ni haƙuri, kada kuma ka ce sai kwamiti ya zauna, kai ne kwamitin. Hoton ku riƙe, mamaci ba ya kallon hoto. Ka fito inda kake fitowa ka yi sanarwar taro, a gaban duk masu sayen tikiti, ka amsa da bakinka: ranar da za a buɗe ƙofa bana, Baba Direba zai zauna a bakinta, ko ba zai zauna ba?