Tabon da Na Gani a Bayan Ɗiyar Ƙanwata

Ƙanwata ta yi aure a wani ƙauye kusa da Turba, ta haifi ɗiya ɗaya, auren ya mutu yarinyar tana shekara uku. Ta dawo da ita gidanmu a Isa. Ni ma a gida nake tun rasuwar mijina, ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Saboda haka yarinyar ta fi zama a ɗakina fiye da na uwarta. Inna babba take ce mini.

Bayan shekara biyu ƙanwata ta auri wani ɗan kasuwa a Sabon Birni. Ba a yi mako da ɗaurin auren ba uban yarinyar ya zo da babur, ya ce a ba shi ɗiyarsa, ba za ta yi zaman agola a gidan wani ba. Na ce ai ba gidan wani za ta ba, wurina za ta zauna. Tsohuwarmu ta ce in yi shiru, ɗiya ta uba ce, haka kowa ya tashi ya gani. Ni na ɗaure mata kayanta a leda, ni na ɗora ta a gaban babur ɗin.

Sai da ta shekara guda a can kafin ya yarda ta zo mana babbar sallah, kwana huɗu. Ta rame, amma ban kawo komai a raina ba, domin mutanen ƙauyen nasu sun sha gudu a shekarar. Ɓarayin daji sun kwashe musu dabbobi, har da shanun uban nata gaba ɗaya, gonakin nesa kuma ba su nomu ba.

Da safe na kai ruwa bayan ɗaki na ce ta zo in yi mata wanka. Ta ce ita ta iya. Na ce na sani, amma yau sallah ce, za ni cuɗa mata baya. Ta riƙe bakin rigarta da hannu biyu. Da na lallashe ta ta saki, sai na ga bayan. Layi-layi ne tun daga kafaɗa har ƙugu, wasu sun yi baƙi sun warke, wasu ɓawon bai faɗi ba. A cinyarta ta hagu akwai ƙuna, faɗinta kamar bakin ludayi.

Na ce, “Wa ya yi miki wanga?”

Ta ce, “Faɗuwa niy yi.”

“Ina kinka faɗi?”

Ta dubi bokitin ruwan.

Na kira tsohuwarmu ta gani. Ta zauna a kan turmi tana salati. Ban san wanda za ni gaya wa ba. Yayanmu yana aiki a Sakkwato, shi ne mai ilimin gidan, sai na ɗauki hoto biyu da wayata na aika masa, na ce ya gaya mini abin yi. A na biyun yarinyar ta waiwayo, fuskarta ta fito sarai. Ban lura ba sai daga baya.

Yayanmu ya nuna wa matarsa. Matarsa ta aika wa wata ƙawarta mai aiki da ƙungiyar mata, don neman shawara. Daga nan ban san hanyar da ya bi ba. Kwana uku bayan sallah wata maƙwabciya ta shigo sayen mai, ta miƙo mini wayarta ta ce in ga rashin imanin da aka yi wa wata marainiya. Hotona ne. An rubuta a ƙasa cewa uwarta ta mutu.

Ranar da ya kamata uban ya zo ɗaukarta na ce ba za ta koma ba. Ya tsaya a zaure, ni ina daga ciki.

Ya ce, “Yaya, ke kinka watsa ni duniya?”

Na ce, “Ban watsa ka ba. Amma na ga bayanta.”

Ya ce ranar da aka shigo ƙauyensu da hantsi kowa ya watse, yarinyar ta kutsa ta cikin shingen ƙaya, kuma a sansanin da suka fake ta faɗa kan murhu. Ya ce kowa a ƙauyen shaida ne. Na tambaye shi sababbin fa, waɗanda ba su warke ba. Ya ce zai kai ni gaban alƙali, ya hau babur ɗinsa.

Kafin a shiga kotu garin ya riga ya yi tasa shari'ar. Saƙonnin murya suka dinga yawo daga waya zuwa waya. Wani ya yi minti goma yana cewa uba yana da ikon horon ɗiyarsa, mu ne muke son shigo da tarbiyyar Turawa. Wata ta ce a kama shi a ɗaure. Wani ya rantse hoton na wata ƙasa ne, ya taɓa ganinsa. Wata da ban taɓa sani ba ta ce ta san ni sarai, juya ce ni, ina neman ɗiyar banza, ni na zana wa yarinyar tabon da lalle. Wannan saƙon na saurare shi har sau uku a ɗakina, ban san dalili ba.

A wurin fanfo mata sukan yi shiru idan na ajiye jarkata, wasu kuma su matso su ce Allah ya ba ni nasara, su tambaye ni ko gaskiya ne da wuƙa mai zafi ya ƙona ta. A rumfar mai shayi an ce har an kusa dambe. Wani mai sayen ƙuli-ƙulina da yake kaiwa kasuwar Bafarawa ya ce can ma zancen ake yi, an rabu gida biyu. Wani malami ya taɓo maganar a karatun bayan la'asar, ya ce a littafi riƙon yaro na uwa ne, idan ta yi aure ya koma ga kaka ta wajen uwa. Washegari wani malamin ya ce a kiyayi matan da ke tona asirin musulmi. Duk waɗannan mutanen, ba wanda ya tako gidanmu ya ce bari ya ga yarinyar yaya take.

Ita kuwa na sa ta Islamiyyar unguwarmu don ta sami abokan wasa. Kwana biyu ta je. A na uku ta dawo tun ba a tashi ba, ta shige bayan randa ta zauna. Yara sun ce ta ɗaga riga su gani ko irin na waya ne. Ta ce mini, “Inna babba, kowa ya ga bayana?” Na ce ba kowa ba. Ta san ƙarya nake yi.

Ƙanwata ta zo daga Sabon Birni da ciki wata shida. Ta ga bayan ɗiyarta, ta yi kuka har ta yi amai. Da ta natsu sai ta juyo kaina. Ta ce dangin mijinta sun ce ta jawo musu magana, mijin ya ce ko ta fita daga zancen ko ta zauna gidanmu gaba ɗaya. Ta ce, “Yaya, da kin kira ni kahin ki ɗauki hoto. Ɗiyata ta, ba taki ba.” Ta kwana biyu ta koma.

A kotu mun yi zama huɗu. Kowane zama harabar cike take da mutanen da ba su da alaƙa da mu, wasu sun ɗaga waya. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba yarinyar ta ce akwai tsofaffin tabo akwai sababbi, wasu za su iya zama ƙaya, wasu sun fi kama da tsumagiya, amma ita ba za ta iya cewa hannun wa ba ne. Uban ya kawo dattawa biyu daga ƙauyensu, suka rantse sun ga lokacin da aka ciro ta daga shinge jina-jina. Na yarda da su, ban ga alamar ƙarya a fuskarsu ba. Amma an yi gudun nan wata bakwai kafin sallah.

Alƙali ya sa aka fitar da kowa, ya bar ni da uban da yarinyar. Ya tambaye ta a hankali wa yake dukanta. Ta dubi ubanta. Shi kuma ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan rigarsa. Ta ce, “Ba kowa.” Alƙali ya ce wurin wa take son zama. Ta ce, “Duka.”

Hukuncin da aka yanke shi ne ba a tabbatar da dukan ba, amma riƙo ya koma hannun tsohuwarmu tunda uwar ta yi aure, uban kuma yana da ikon ganin ɗiyarsa duk lokacin da ya so. Aka ba mu takarda. Masu goyon bayanmu suka ce mun ci nasara, masu goyon bayansa suka ce an wanke shi. Sati biyu bayan nan wata rigimar fili ta taso a gari, saƙonnin murya suka koma can.

Wata uku ta yi tare da mu. Ta fara ƙiba, ta fara dariya da ƙarfi. Uban yakan zo ranar kasuwa ya zauna a zaure, ya kawo mata rake ko ɗanwake, ita kuma ta zauna kusa da shi. Rannan ya zo ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, tana son ganin jikarta, kwana uku kawai. Na ce a'a. Tsohuwarmu ta ce ba a hana mai ciwo ganin jininsa, kuma takarda tana hannunmu. Ta tafi da kaya kala biyu.

Kwana uku suka zama goma. Wayarsa ba ta shiga. Na hau ɗan acaɓa zuwa ƙauyen, na tarar gidan a rufe da kara. Maƙwabta suka ce sun tashi, sun ƙetara Nijar wurin dangin mahaifiyarsa, kamar yadda gidaje da yawa suka yi a lokacin. Na koma kotu, aka ba da sammaci, amma ba wanda za a miƙa wa. Na aika wa waɗanda suka fi kowa zafi a waya, na ce an gudu da yarinyar. Mutum biyu suka amsa, suka ce Allah ya bayyana ta.

Sau uku ina zuwa Burkusuma ina tambayar masu babur da ke ƙetara iyaka da kaya. Hanyar ba lafiya gare ta ba, kowane zuwa sai tsohuwarmu ta yi ta roƙona in haƙura. A zuwa na uku wani mai kai gero ya gane kwatancen, ya ɗauke ni. Muka yi tafiya a cikin yashi har azahar, muka isa wani ɗan ƙauye mai bukkoki sababbi a gefensa.

Uban ba ya nan, ya tafi ƙwadago. Mahaifiyarsa na zaune a inuwa tana tsinkar zogale, lafiyarta lau. Ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo ruwa. Yarinyar ta fito daga bukka ta tsaya, sannan ta zo ta zauna a jikina. Na sa hannu ta wuyan rigarta ina shafa bayan. Ban ji sabon ciwo ba.

Tsohuwar ta ce, “Duba da kyau. Ɗakina take kwana yanzu, ba ya taɓa ta.”

Na ce, “Ashe kin sani, Iya.”

Ta ce, “Ni ka yi mata wanka kahin ke. Tun da anka kwashe shanunai ya zama wani iri, abu kaɗan sai duka. Na yi niyyar in kawo muku ita da kaina bayan sallah, in ce ku riƙe ta har shi dawo hankalinai. Sai ga hoto cikin waya. Ɗana ba ya iya shiga kasuwar Isa, yara na nuna shi. In na ba ki ita yanzu, na gaya wa duniya abin da anka ce gaskiya ne.”

Na ce ai gaskiya ne. Ta ce ta sani.

Na ciro takardar kotu daga jakata. Ta ce ita ba ta karatu, kuma nan ba Najeriya ba ce. Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce ta dubi Allah, ita tsohuwa ce, idan ta faɗi wa zai tsaya tsakanin ɗanta da yarinyar. Ta ɗaga ni, ta ce in tashi, mai babur yana jira, kada yamma ta yi mana a hanya. Maza uku na dangin suna tsaye a bakin shinge suna kallonmu. Yarinyar ta rako ni har wurin babur, ta ce, “Ki gaida kaka, ki ce mata haƙorina na gaba ya fita.”

Yau shekara biyu ke nan. Ƙanwata ta haihu, muna gaisawa, amma ba ma zancen. Tsohuwarmu ta daina fita ko ƙofar gida saboda ƙafa. Mai geron nan yakan ba yarinyar wayarsa idan ya je can kuma aka yi sa'ar sabis. Watan jiya ya kira. Ta ce lafiya lau take, tana kiwon awaki biyu. Na ce ina Iya. Ta ce Iya tana kwance tun farkon damina, ba ta iya tashi, ita ke ɗebo mata ruwa. Na ce to ita fa, ko har yanzu ɗakin Iya take kwana. Na ji muryar namiji a kusa da ita, sai wayar ta yanke. Na yi ta kira har la'asar, ba ta ƙara shiga ba.

Na gaya wa mai geron za ni bi shi da zarar ruwa ya janye daga hanya. Ya ce sai dai bayan kaka. Ban gaya wa tsohuwarmu ba tukuna.