Masinjan da Ke Karanta Sammaci

Baba Masinja kowa ke kiransa. Na san shi ina da shekara arba'in da shida, ranar da ya jingine kekensa a ƙofar shagona na kafinta. A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, amma babu wanda ya isa ya faɗa mini haka.

An gama zaɓe ke nan, kuma layinmu bai zaɓi waɗanda suka ci ba. Sai suka biyo ta kotu domin su karɓe filin shagunanmu: duk wanda aka damƙa wa sammaci, bai bayyana cikin kwana bakwai ba, ya rasa wurinsa. Sun san yawancinmu ninke takarda muke yi mu cusa a aljihu.

Baba Masinja, mai raba takardun kotu, ya miƙo mini tawa, na karɓa da isa, na ce na gani.

"Tsaya, Malam Kafinta, sai na karanta maka."

"Wa ya ce maka ban iya ba?"

"Haba, kai da ke auna katako ba kuskure? Ƙa'idar aikin ce. In ban karanta ba, a bakin aikina."

Ya karanta a tsanake, ya maimaita ranar zuwa kotu sau biyu. Haka ya bi layin shago-shago. Muka cika kotu, shagunanmu suka tsira.

Bayan shekara shida na shiga ajin manya. Da karatuna ya nuna, na nemi wannan ƙa'ida, ban same ta ba. Doka ta ce a damƙa, ba ta ce a karanta ba. Na kuma ji cewa saboda mu aka mayar da shi sharar harabar kotu har ya bar aiki. Na je na tambaye shi dalili.

Ya ce, "In hannu ya karɓa, kai bai sani ba, ai ban isar da saƙon ba."

Da tsufa ya cinye masa ido, wata rana na iske shi a tabarma yana jujjuya wasiƙar 'yarsa. Da ya ji sallamata, sai ya ce anjima zai duba.

Na ce, "Kawo, Baba, sai na karanta maka. Ƙa'idar aikin ce."

Ya yi dariya har da tari. "Maƙaryaci! A wurin wa ka koya?"

Na karanta masa a tsanake, na maimaita gaisuwar jikokinsa sau biyu.

Ganinmu na ƙarshe ke nan, ranar tara ga watan Maris, 2014.