Amsar da ban ba Dakta Safiya ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta Safiya ta rasu.

Da safiyar yau ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ɗiyata Lami ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ko ɗankwali babu a kanta. Ta ce, "Inna, Dakta." Ba ta iya ƙarasawa ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar kemistiri ce a jami'a, gidanta na Badariya can Birnin Kebbi. Ita ta koyar da Lami, kuma ita ta riƙe ta a ɗakin gwaje-gwajenta bayan ta gama digiri.

Yadda muka saba ma abin dariya ne. Lami ta zo hutu nan Argungu, na ga tana yanka takarda ƙanana da almakashi, wai aikinsu ke nan. Hankalina ya tashi. Duk karatun nan a ƙare a yankan takarda? Ban gaya wa kowa ba na shiga mota sai Birnin Kebbi.

Dakta na ganina ta kwashe da dariya. Ta ce, "Yaya Kulu, kin taho ki gani ko wasa mukai da ɗiyarki? Zamna nan."

Ta ɗauko takardar guda, ba ta fi babban yatsa ba. An zana mata layuka da kaki, an gasa har kakin ya ratsa takardar ya zama katanga. Ta ɗiga ruwan rijiya a tsakiya. Ina kallo ruwan ya bi hanyarsa, kamar yadda ruwa ke bin lambatu zuwa kowane fangali a fadama, har ya kai wani ɗan wuri da ta sa magani. Wurin ya koma ruwan hoda.

Ta ce wannan rijiyar takin gona ya shige ta, ba a ba jinjiri ruwanta.

A ƙasar waje ta koyi aikin, inda inji ke buga kakin. Da ta dawo ba inji, wuta ma sai an ga dama, sai ta koma ga kyandir da dutsen guga na gawayi. Da ruwan rijiya ta fara. Daga baya ta shiga gwajin fitsari, na sukari da na alamar hawan jini ga masu ciki, a ɗauki hoton launin da waya a gane. Kullum tana cewa, "Takardata ba likita ba ce. Aikinta ta ce ma tashi ka tahi asibiti."

Ni sai da na yaye autana na shiga ajin manya na koyi karatu. Kunyar rubutuna nake, shi ya sa saƙon murya nake tura mata. Ta ce, "Ki rubuto, Yaya, ni ina karantawa." Na yi ta damun ta. Lami ta ci abinci? Wannan maganin ba ya ƙona hannu? Wa zai rako ta tasha? Ba ta taɓa barin ɗaya babu amsa ba. Wata rana hoton Lami ta turo mini da safar hannu, ta rubuta, "Ga hannun ɗiyarki, duka biyu suna nan."

Abin da ya fi ba su wahala zafinmu ne. Kafin takardar ta kai ƙauye zafi ya kashe maganin da ke jikinta. A kan wannan Lami take aiki, kuma Dakta ta ce ta fara gano hanya. Sai Dakta ta yi magana da mutanen da ta yi karatu a wurinsu, suka ce Lami ta je can ta ƙarasa binciken, ta yi digirin dakta ita ma.

Malam, baban Lami, ya ce shi ya yarda, in uwarta ta yarda.

Haka maganar ta dawo kaina.

Ban ce a'a ba. Da ma a'a na ce, da Dakta ta san inda ta tsaya. Cewa na yi a bari a sha ruwa. Da aka yi salla na ce a bari a gama yankan shinkafa. Tsoro nake ji. Yarinya mace, ba aure, ƙasar da ban san kowa ba. In ta kwanta ciwo wa zai dama mata kunu?

Zuwan Dakta na ƙarshe, ita ta tako har ɗakina. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar kifi, loma kaɗan ta yi ta janye hannu. Na ce, "Dakta, ko tuwonmu na Argungu ya yi miki ƙauyanci?" Ta yi murmushi ta ce, "Wa ya isa? Cikin ne ya ƙi kwanan nan."

Sannan ta ce, "Yaya Kulu, ba ni gaggauta miki. Na san mi ag ga ranki. Ni ma uwata kuka ta yi sa'adda zan tahi. Amma ki ba ni amsa tun ina iya bin maganag ga."

Na ɗauka yawan aiki take nufi. Na ce mata ina nan ina shawara. Na cika mata leda da busasshen kifi, na rako ta bakin mota, ina jin daɗi a raina wai na sake samun lokaci.

Bayan nan ta kira ni. Na ga sunanta a waya, na bar ta tana ƙara har ta yanke. Ta sake kira wata rana, na sake bari. Matar da ba ta taɓa ƙyale saƙona ba.

Sai yau a gidan rasuwa na ji ta daɗe tana fama da ciwon zuciya. Mijinta da yayarta kaɗai suka sani.

Bayan an kai ta, na nemi Lami. Na same ta bayan madafa tana wanke kofunan masu gaisuwa. Ɗiyar fari ce, ba mu saba doguwar magana ni da ita ba. Na tsaya kusa da ita na ce, "Na yarda ki tahi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yau, Inna?"

Na ce, "Yau."

Ta ce, "Ita kaɗai sunka sani can. Ban sani ba ko za su karɓe ni babu ita. Zan rubuta musu da kaina in gani." Ta ajiye kofin, ta share ido da bayan hannu. "Da kin hwaɗa mata, Inna. Kullum sai ta tambaye ni ko kin ce wani abu."

Na tsuguna na kama ɗauraya tare da ita.

Allah ka jiƙan Safiya. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka sa abin da ta koyar ya bi ta da lada. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri. In akwai haƙƙinta a kaina, ya Allah ka biya ta da abin da ya fi.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a. Ku haɗa da Lami, Allah ya sa mutanen can su amsa mata da wuri, kada su yi mata irin tawa.