Hular Baba da Iskar Gabas

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da duk layinmu a Unguwar Shanu aka san shi da ita: in ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa a kan fedar kekensa, ba ya juyowa. Ko fartanya ya manta, ko goro, sai dai ya tafi a haka. Da wannan ya taso a ƙauyensu na ƙasar Katsina, inda ake cewa wanda ya fita ya dawo ya zubar da sa'ar tafiyarsa. Limamin unguwarmu ya sha gaya masa camfi ne. Yakan ce, "Gaskiya ne, Malam," washegari kuma ya wuni a gona da ƙishirwa, don sai da ya sha kwanar layi ya tuna da gorar ruwansa.

Gonar a Katabu take, can gaba da Kawo a kan hanyar Zariya. Ya same ta tun wurin yana daji, yanzu kuwa gidaje sun kusa yi mata zobe. Keken baƙi ne irin na da, mai nauyi, kuma ya girme ni. A kariyarsa ta baya aka fara kai ni makaranta, a kanta aka ɗauro ragon sunan ƙanwata yana ta kuka. Kullum da safe Baba sai ya goge shi, ya matsa tayoyi da babban yatsa, ya ɗiga wa kaca mai. Inna takan ce da yana duba jikinsa yadda yake duba tayoyin nan, da asibiti bai taɓa ganin ƙeyarsa ba.

Farkon wata damina ya faɗi. An yi rasuwa a gidan maƙwabcin gonarsa, ya shirya bayan azahar zai je gaisuwa, ya saka babbar rigarsa fara wadda ta sha sitaci. Ni na ɗinka ta, don ni tela ne, kuma ban yi rowar yadi ba. Hadari ya haɗu a gabas, Inna ta ce ya dakata, ya ce ai ya riga ya yi niyya.

Wanda ya san hanyar nan ya san matsalarta. In ka bar Kawo ka nufi arewa, kana gefen dama na titi, iskar hadari kuma daga damanka take zuwa. Ba rami take tura ka ba, cikin motoci take kai ka. Inda akwai gine-gine ba ka jin ƙarfinta, sai ka fita fili ta bangaje ka ba sallama. Haka ta shiga rigar Baba ta hannun dama, ta cika ta tim, ta kwashe shi da keken ta zube a tsakiyar kwalta. Allah ya sa direban tifar da ke bayansa yana da birki, yana kuma da hankali. Baba ya tsira da karaya a tsintsiyar hannu da ƙujewa a goshi. Da aka ɗaga shi, abin da ya fara tambaya shi ne ko gargaren keken ya lanƙwashe.

Babban yayanmu direban tirela ne, yana zaune da iyalinsa a Unguwar Sarki. Da ya dawo daga tafiya ya ji labari, bai yi wa kowa shawara ba. Ya sayo sarƙa da kwaɗo, ya ɗaure keken a jikin ginshiƙin rumfar tsakar gida, ya jefa makullin a aljihu ya tafi. To, Yaya shi ne ɗan fari, kuma Baba mutumin zamanin da ne mai alkunya. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin nan." Ba ya zama su yi doguwar magana, balle ya buɗe baki ya roƙe shi makulli. Da ni ne na ɗaure keken, da kafin la'asar na sha zagi na kwance shi. Amma da yake Yaya ne, sai Baba ya dubi sarƙar, ya kawar da kai, ya shige zaure.

Hannun ya warke, mutumin ne bai warke ba. Daminar nan 'yan ƙodago suka yi noman. Na gwada kai shi a bayan mashin, ya sauka yana cewa an ɗauko shi kamar buhun masara. Na saka shi a motar haya, ya dawo yana mitar an matse shi tsakanin mai kaji da mai yawan magana. Daga nan ya daina zuwa. Ya koma zaman zaure da rediyo, tuwo yana dawowa da saura, wuyan rigunansa suka yi masa yawa. Abin da ya fi ci mini rai, bai daina goge keken ba. Ina fitowa za ni shago sai in gan shi a tsugune gaban keken da ke ɗaure, yana matsa taya. Wallahi tausayi ya sha hana ni karyawa.

Da wata bazarar ta zagayo, zafi ya yi zafi, aka fara jin ƙamshin ruwa daga nesa, sai na je na sami Yaya. Na tarar da shi a ƙofar gida yana cin mangwaro.

"Yaya, makullin nan na zo roƙo."

"Kai tela ne," in ji shi. "Abin da ka sani yadi da almakashi. Ni na san abin da nake gani a titi. So kake in dawo a ce mini ga abin da aka kwashe a tabarma?"

Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce masa kawai ya zo ya dubi wuyan Baba. Na ce mun tsare shi daga mota, amma zaure yana cinye mana shi a hankali. Yaya ya daɗe yana tsotsar ƙwallon mangwaron da babu komai a jikinsa.

"Iska ba ta dame ni ba," ya ce daga baya. "Taurin kansa ne. Mutumin da ba ya juyowa, me zai yi in ta same shi a hanya?" Ya shiga ciki ya fito da makullin, amma bai sake shi nan da nan ba. "Ka bi shi. Ranar da ka ga iska ta taso ya ci gaba, ka gaya mini tsakaninka da Allah. A ranar zan kai keken kasuwa."

Na yi masa alkawari, kuma ya san ba zan yi masa ƙarya ba.

Da Baba kuwa ciniki muka yi kamar na kasuwar shanu. Na ɗinka masa 'yar shara mai kama jiki, ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Wannan ta wane yaro ce?" Da ƙyar muka daidaita: zai hau keke da ita, babbar riga a naɗe a kariya, in ya isa ya zumbula abarsa. Sai muka zo kan iska. Na ce akwai waya, tana faɗin yanayin gari. Ya ce wayar ta taɓa hawa keke? Na ce to ya duba reshen darbejiya, ya ce darbejiya ko an yi atishawa sai ta yi rawa. Sai ya ciro hularsa, tsohuwar kube mai kama kai, ya juya ta a hannu.

"Ga alƙali nan," ya ce. "Mai kaɗawa a hankali ba ta da laihi, da ita muka saba. Mugunyar ita ce mai yin shiru ta hizgo. Wadda duk ta iya raba ni da hular ga, ta iya raba ni da sirdi. In ta ɗauke ta, na sauka."

"Ko da sai ka koma baya, Baba?"

Ya mayar da hular kansa, ya danna ta da kyau. "Allah shi kai mu," in ji shi. Ban ji daɗin amsar ba ko kaɗan.

Na ari keken maƙwabcinmu muka fara fita tare. Ni da na ce zan tsare tsoho, sai ga shi tsoho ke jirana a kowane hawa, ina haki tumbina yana rawa. Yakan waiwayo ya ce, "Ko a kira maka mashin?" Cikin 'yan kwanaki kwanon tuwo ya fara dawowa a wanke, Inna ta daina harararsa.

Ranar da muka ɗauki irin masara za mu shuka, gari ya waye lumshe. Mun wuce gadar Kawo lafiya, mun bar hayaniyar tasha a baya, sai na ga gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ledoji suka fara tashi sama da rufin shaguna. Mata masu sayar da ayaba a bakin titi suna ta naɗe laimominsu. Muka wuce wani ƙaramin masallaci na bulo, muka fita fili, iskar farko ta ture ni har sai da kan kekena ya karkata wajen motoci.

Bakina ya cika da magana, amma na haɗiye. In na ce ya tsaya kuma ya tsaya, ban gano abin da zai yi da kansa ba, don ba kullum zan kasance a bayansa ba. In kuma ya ci gaba, na san abin da zan gaya wa Yaya, na kuma san zauren da Baba zai koma. Na riƙe birki ina salati a zuci, ina kallon ƙeyarsa.

Iskar ta lafa kamar ta haƙura. Sai ta fizgo. Hular ta tashi daga kansa, ta wuce ta gefen fuskata, ta faɗi tana gangarawa baya a bakin kwalta. Farin gashinsa ya bayyana. Ƙafarsa kuwa ba ta tsaya ba. Ya taka, ya sake takawa, kansa a sunkuye kamar rago zai yi karo. Na ce a raina shi ke nan, keke ya tafi kasuwa. Hawaye ne ma ya fara zo mini, na haushi da na tsoro.

Sai na ji kukan tsohon birkin nan. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsaya jim yana kallon hanyar Katabu, buhun irin yana ɗaure a bayansa. Sannan ya sauka, ya kama kan keken da hannu biyu, ya juya shi. Tun da nake ban taɓa ganin gaban keken nan yana kallon gida ba alhali ba a je inda za a ba. Ya turo shi ya wuce ni bai dube ni ba, ya tsinci hularsa a cikin ciyawa, ya kakkaɓe.

"Mi kake kallo?" ya ce. "Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Turo naka."

Muka koma masallacin da muka wuce, muka jingina kekunan a bangon da iska ba ta duka. Daga ƙofa muna kallon itatuwa suna sunkuyawa, wani fallen kwano ya ƙetare titi yana ƙara, motoci suka rage gudu suka kunna fitila. Baba ya laluba aljihu. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, abin da bai saba ba. Ruwa ya sauko da ƙarfi, iskar ta kwanta, kafin azahar gari ya washe. Muka ƙarasa gona a kan kwalta mai sheƙi, muka tarar ƙasa ta jiƙu sharkaf, daidai shuka. Yana sara ina zuba iri ina rufewa da diddige. A tsakiyar kunya ya tsaya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe sa'ar ba ta zubewa."

Na gaya wa Yaya duk yadda aka yi, har da takun nan da Baba ya ƙara bayan hular ta tashi. Ya yi dariya har da goge ido, sannan ya ce in kwance sarƙar in ba masu gwangwan da ke sayen tsohon ƙarfe. Baba ya hana. Ya ce a bar sarƙa da kwaɗo inda suke, makullin kawai yake so. Ya ɗaura shi a zare ya zuba a aljihun da carbinsa yake.

Kwanakin baya Yaya ya shigo gida da hantsi, ana wata iska mai kaɗa kwanon rufi. Ya gaida Inna, ya juyo ya ga keken a ɗaure a ginshiƙi, kwaɗo a kulle. Ya dube ni da mamaki, na ɗaga kafaɗa. Baba yana zaure, ya ba mu baya yana gyara rediyo. Bai juyo ba, bai kira suna ba, ya ɗaga murya dai yadda za a ji.

"A gaya wa mutumin nan, ni na kulle abina. Gobe in gari ya yi kyau, ni za ni buɗe."

Washegari ina kan hanyar shago na ji ƙararrawa a bayana. Baba ya wuce ni da 'yar shararsa, babbar riga a naɗe a kariya, hula a danne a kai, ko sannu bai ce mini ba.