Kawu Ɗanlami Ba Ya Gama Littafi

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami, daga Kura har Bunkure, ya san aljihun rigarsa kullum a ƙandare yake da gam. Kwalbar gam, almakashi da 'yan takardu a naɗe, su ne kayan tafiyarsa. Marubuci ne mai buga littattafansa da kansa, da abin da ya samu a tumatirin da yake nomawa a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ciwonsa guda ne: sai an buga littafi an sayar, sannan zai gane ƙarshen labarin bai yi ba. Sai ya faɗo shagona, ni Sa'a 'yar ƙanwarsa, in buga masa sabon ƙarshe a kwamfuta, ya haye babur ya bi masu saye gida-gida yana liƙa musu sabon shafi a kan tsohon. Na sha wahalar mutumin nan, wallahi! Ba ya zama. Ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan babur.

Abin da ya fi ci min rai shi ne babban littafinsa, labarin ƙauyenmu tun daga zamanin da aka haƙa kanal ruwa ya iso. Shi ne wanda yake cewa don shi aka haife shi. Shekara da shekaru yana kwance a kwamfutata, ya hana a kai shi maɗaba'a. Kullum sai na ce, "Kawu, za ka mutu fa ba ka gan shi a takarda ba." Sai ya ce, "Saura kaɗan, 'yar nan," ya fice.

Kun tuna Hajiya Talatu mai ɗinki? Ta sayi wani littafinsa na soyayya, ta karanta, ta ji daɗi. Rannan tana tsakiyar yanka atamfa sai ga Kawu ya yi sallama yana haki.

"Hajiya, a ɗan ba ni littafin nan, yanzu zan dawo da shi."

"Me za ka yi da shi?"

"Saurayin zan kashe. Na yi tunani, bai cancanci yarinyar ba."

"La'ilaha illallahu! Bayan na gama yi musu biki a raina, har na zaɓa musu anko? Ai na saya, nawa ne!"

"Takarda kika saya, Hajiya. Mutanen ciki nawa ne."

Hajiya ta ɗauko littafin ta zauna a kai. Kawu ya yi ta kai da komo a ƙofar shago, ya roƙa, ya yi wa'azi, ya haɗa ta da iyayenta, ko gezau. Da ya gaji sai ya shafa gam ya liƙa shafin a jikin ƙofarta. Har damina ta wanke shi, duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta karanta mutuwar saurayin nan kafin ta shiga.

Sai maganar bango. Mai maɗaba'ar da yake kai wa aiki a Kano ya ba shi shawara a sa hoton kyakkyawar mace a bangon wani littafi, don shi ne ke jan ido.

"Wace mace kuma? Labarin manomi ne. Sa tumatir."

"Baba, ba zai sayu ba."

"Sa tumatir na ce!"

Aka sa tumatir jajawur. Ashe shekarar ce tsutsa ta afka wa gonaki, kowa hankalinsa a tashe. Ranar kasuwar Bunkure Kawu ya baje littattafan a kan buhu, kafin la'asar manoma sun wawashe su. Ya zo min yana taka rawa, wai yanzu mutane suka san darajar adabi. Bayan 'yan kwanaki sai ga Bitrus, maƙwabcin gonarsa, mutumin Filato da ya daɗe a cikinmu, riƙe da littafin, fuska a murtuke.

"Malam Ɗanlami, na karanta shi tas. Wa da ƙani suna ta faɗa kan layin ban ruwa. To ina maganin tsutsar?"

"Wace tsutsa?"

"Ta tumatir mana! Ba don ita muka saya ba?"

Kawu ya dube shi. "Tsaya tukuna. Ka ce tas? Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Ina ta cewa ko yana gaba."

Kawai sai Kawu ya rungume shi, kamar wanda ya dawo daga Makka. "Allah ya yi maka albarka, maƙwabci! To yaya ka ga ƙarshen? Don ni bai kwanta min ba." Hannunsa har ya kai aljihu.

Daga baya zamani ya yi masa tsiya. Wani ya ɗauki hoton littafinsa shafi-shafi ya watsa a guruf ɗin matasa, kowa na karantawa a waya kyauta. Na yi zaton zancen sata zai yi, na fara lallashi. Ina!

"Wane ƙarshen suka ɗauka?"

"Na farko, Kawu."

"Innalillahi! Wanda na rubuta ina zazzaɓi?" Ya fizge wayata, ya juya gabanta, ya juya bayanta, ya kanne ido ya leƙa ramin caji. "To ita wannan a ina ake liƙawa?"

A ranin da ya wuce ƙafafunsa suka kumbura, likita ya hana shi babur. Kwanciyar ta fi ciwon damunsa. Ya aika aka kira ni, ya ce in karanta masa ƙarshen babban littafin. Na zauna a bakin tabarma, matarsa Inna Hajara na yi masa fifita, na karanta inda tsohon da ke cikin labarin ya zauna a bakin kanal yana kallon ruwa na shiga gonar jikokinsa. Biro na hannuna, ina jiran gyara kamar kullum.

"Bar shi haka," in ji Kawu.

"Na'am, Kawu?"

"Ya yi. Ki kai shi Kano."

Ni da na yi shekaru ina roƙon wannan kalmar, sai na ji tsoro ya kama ni. Na ce, "Haba Kawu, ai akwai gyara. Wannan tsohon, ko dai a tashe shi ya ɗan zagaya gonar?"

Ya yi murmushi. "A'a, Sa'a. Ya gaji. Bar shi ya zauna."

Bai ga littafin ba. Ranar da na karɓo shi daga maɗaba'a mun riga mun yi sadakar bakwai, kuma tun daga Kano har Kura kuka nake a cikin mota.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Ya Allah, bawanka ne da bai taɓa hutawa ba, ka ba shi hutu.