Gishirin Da Na Ƙara Wa Wa'azin Baƙo

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni saurayi ne mai buga tafireta a wani ofishin gwamnati, ina haya a ɗaki guda a Gyaɗi-Gyaɗi. Har yau ina kewar gidan nan. Mai gidan Alhaji ne, in Sallah ta zo sai ya aiko min da tuwo da nama, in Kirsimeti ta zo ni ma in kai wa iyalinsa shinkafa. Ran Lahadi kuwa sai in goge 'yar kwat ɗina, in hau acaɓa zuwa ƙaramar majami'armu mai rufin kwano a wajen Tarauni, inda nake tafinta. Mai wa'azi ya faɗa da Turanci, ni in juya da Hausa. Allah ya ba ni baki, ni kuma na ɗauka ni na ba kaina.

Akwai wani dattijo a cikinmu, mai gadi ne a gidan wani attajiri, kowa Baba yake ce masa. Dattawan ikilisiya sun sa shi a horo saboda shan burkutu, don haka a bencin baya yake zama shi kaɗai, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake rabawa a majami'a. Wata rana bayan sujada ya zolaye ni a gaban 'yan matan mawaƙa, wai fassarata ta fi wa'azin tsawo, in mai wa'azi ya ba ni mudu sai in auna wa jama'a buhu. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na ƙullace shi.

Ba a daɗe ba muka yi baƙon mai wa'azi daga Kudu, ko sannu bai sani ba da Hausa. Ya yi magana a kan Bitrus, yadda ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma aka sake kiransa aka danƙa masa kiwon tumaki. Baƙon ya ce babu wanda ya faɗi har ya wuce inda jinƙan Allah zai kai. Na juya wannan daidai, sannan na ƙara nawa. Na ce ban da mashayin da ya tsufa bai yi hankali ba, wanda bencin baya ya zame masa gado. Aka kwashe da dariya, kawuna suka juya baya, baƙo ya zaci wa'azinsa ne ya ratsa mutane har ya ɗaga hannu yana yabon Allah. Baba ya ɗauki hularsa ya fita.

Shugabar zumuntar mata tsohuwar malamar makaranta ce, ta ji harsunan biyu sarai. A bakin ƙofa ta tare ni, ta ce na saci bakin bawan Allah na zagi sa'an ubana da shi. Dattawa suka zauna, suka karɓe aikin, suka ba ni horo na wata shida. Sai ga ni da kwat ɗina a bencin nan, ni kaɗai, domin Baba bai sake zuwa ba.

Sau biyu ina isa layin da yake gadi ina juyawa. A na uku na daure na yi sallama, na durƙusa. Ya zuba min shayi kafin ya ce komai. Sannan ya gaya min cewa a ranar wa'azin nan watansa huɗu bai ɗanɗana burkutu ba, ya ɗauka an kusa karɓarsa, amma da ya ji baƙo daga nesa ma ya yanke masa hukunci, sai ya wuce kai tsaye gidan mai burkutu. Ashe bai ma san ni na ƙara ba. Da bakina na faɗa masa, ina kuka kamar yaro. Sai ya tambaye ni to me baƙon ya faɗa. Na maimaita masa tun daga farko, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya share ido da hularsa, ya ce zai dawo, amma da sharaɗi: kunnensa ya yi nauyi, daga bencin baya ba zai ji sabon tafinta sosai ba, sai in zauna kusa da shi in riƙa raɗa masa, kuma kada in sa gishiri.

Haka muka yi wata biyar, mashayi da maƙaryaci a benci ɗaya, kuma rana ɗaya aka karɓe mu. Baba ya rasu tuntuni a ƙauyensu, ni kuwa har yau ina tafinta, furfura ta cika kai.

Abin da na koya shi ne Allah ba ya jiran mu gyaru kafin ya kira mu, yakan ma aiko kiran ta bakin wanda muka cuta. Duk wanda aka ba amanar magana, ya ji tsoron harshensa, domin bai san wanda ke riƙe da igiyarsa ta ƙarshe ba. Wanda kuma ke bencin baya yau, kada ya ɗauki hularsa ya fita. Ni a can na fara yi wa Allah aiki na gaskiya, da mai sauraro guda ɗaya.